Allurar kodal ga yaran da aka yi wa aikin gwaiwa

Wa alaikumus salam, Sista. Kin ce a asibitin da kike aiki a nan Kebbi, mai ba da maganin barci ya fara yi wa yara allurar kashe zafi a gindin baya, wadda ake kira kodal, idan za a yi musu aikin gwaiwa, iyaye kuma suna tare ki a bakin ɗaki suna tambayar ko yaro zai shanye. Kina son sanin yadda allurar take, da abin da za ki sa wa ido bayan an fito da yaro, da kuma ko ba gara a tsaya kan fentazosin, allurar rage zafi da aka saba da ita, ba.

Bari in fara da ta ƙarshe, domin amsarta gajeriya ce: ba gara ba. Fentazosin yana kwantar da yaro, amma yana biyo shi da amai da jiri da barci mai nauyi, wani lokaci ya rage masa numfashi, uwa ta zauna da nono ya cika yaro ya kasa kamawa. Yaron da kodal ta kama shi da kyau kuwa, zai buɗe ido ya dubi mutane, ya nemi uwarsa, ya sha, ya koma barcinsa na gaskiya. Sai dai allurar ba ta kai yaro gida. Sa'a 4 zuwa 6 take bayarwa, daga nan ta saki. Yawancin matsalar da ake samu ba a wurin allurar take ba, tana wurin awon nauyin yaro kafin a yi ta, da kuma maganin da ya kamata ya karɓe ta kafin ta saki. Na biyun nan a hannunki yake.

Tsoron iyaye yana da tushe, kada ki raina shi. Mata da yawa sun san allurar baya da ake yi wa mai haihuwa ta tiyata, sun ga ƙafafu sun mutu murus, shi ya sa uwa za ta riƙe miki hannu ta ce, "Sista, yaron nan zai tashi da ƙafafunai?" Amma wannan daban ce. Laka tana ƙarewa ne can sama a tsatso, kuma tana cikin wata jaka mai ruwa. Allurar haihuwa cikin jakar take shiga. Kodal kuwa ta wata 'yar ƙofa take bi a can ƙarshen ƙashin baya, dab da inda tsagin ɗuwawu ya fara, ta zuba magani a sararin da ke wajen jakar. Maganin ya hau sama a hankali, ya jiƙa jijiyoyin da ke ɗauko saƙon zafi daga cibiya zuwa ƙasa. Ba sabon abu ba ne: tun 1933 wani likitan mafitsara a Amurka, Meredith Campbell, ya bayyana yin ta ga yara. Wani babban nazari da aka buga a Amurka a 2015 ya bi diddigin allurar kodal fiye da 18,000 ga yara, ba a sami ko ɗaya da ta bar wa naƙasa ta dindindin ba. Abin da aka fi samu shi ne ta ƙi kamawa, ko a ga jini a sirinji a sake wuri.

Ga yadda ake yin ta, domin idan kin san tsarin za ki gane inda aka kauce. Sai yaro ya yi barci, an sa masa kanula, wato siririn bututu a jijiyar jini, na'urar bugun zuciya da ta iskar jini suna jikinsa. A juya shi kan gefe, a lanƙwasa gwiwoyinsa zuwa ciki. Mai allurar ya nemo ƙasusuwan nan biyu na bayan ƙugu, inda wasu yara ke da 'yan ramuka biyu. Idan ka ɗauke su a matsayin kusurwa biyu na dala mai gefe uku daidai, kusurwa ta uku da ke kallon ƙasa ita ce ƙofar. Yatsa zai ji wasu 'yan ƙahoni biyu na ƙashi, da wuri mai laushi a tsakaninsu. A wanke fata da kyau, kuma a wanke daga sama zuwa ƙasa tunda dubura na kusa, a bar maganin wankin ya bushe, a sa safar hannu mai tsabta ta tiyata. Allura mai lamba 22 ko kanula mai lamba 22 ake amfani da ita, a karkace kamar digiri 45. Hannu zai ji ta ɓula wani tantani, ɓus. Daga nan a kwantar da ita, a tura milimita 2 ko 3 kawai. A jariri jakar ruwan laka tana saukowa ƙasa sosai fiye da ta babba, wanda ya zurfafa zai iya shigarta.

Kafin a tura magani, a bar bakin allurar a buɗe a duba ko jini ko ruwa mai haske zai ɗigo, sannan a ja sirinji a hankali. Jan da ƙarfi yana manne siririyar jijiyar jini, a ɗauka babu komai alhali ana cikinta. Idan maganin yana da adirenalin, ana fara tura 0.1 ml kan kowane kilo a tsaya a kalli na'ura: bugun zuciya ya ƙaru da 10 ko fiye a minti, ko zanen bugun ya canza, to magani yana shiga jini, a tsaya. Sauran kuma kaɗan-kaɗan ake turawa, ana ja ana dubawa, ba a kammala ƙasa da minti ɗaya ba. Yatsa ɗaya yana kan fatar sama da allurar. In ta kumbura, a ƙarƙashin fata maganin yake taruwa, ba zai yi aikin komai ba. In sirinji ya yi tauri, ba a dole, a cire a sake.

Yanzu lissafi, nan ne nake so ki fi tsayawa. Maganin da aka fi samu a wurinmu shi ne bufibaken, wanda aka fi sani da Marcaine. Yawan ruwan da aka zuba shi ke nuna inda maganin zai kai. Tsarin Armitage da ake bi tun 1979 ya ce 0.5 ml kan kowane kilo yana isar kaciya, 1 ml kan kowane kilo yana kaiwa cibiya, wanda shi aikin gwaiwa ke bukata. Ƙarfin da ake so 0.25% ne, wato miligiram 2.5 a kowane ml. To kin ga 1 ml kan kilo ya zama miligiram 2.5 kan kilo, kuma nan ne iyakar abin da jikin yaro ke ɗauka. Babu sarari ko kaɗan na kuskure. Kwalbar da ke zuwa mana kuwa galibi 0.5% ce, sai an raba ta biyu da ruwan nomal salin. Yaro mai kilo 12 ke nan: 6 ml na magani, 6 ml na salin, jimla 12 ml, miligiram 30. Wanda ya manta ya zuƙo 12 ml kai tsaye daga kwalba ya ba yaron miligiram 60, ninki biyu na iyaka. Don haka mutum biyu ya kamata su faɗi lissafin da baki, ɗaya ya zuƙa ɗaya yana kallo, a rubuta a jikin sirinji. Kuma a ɗora yaro kan sikeli a ranar, tsirara ko da 'yar riga. Kada a ƙiyasta nauyi daga shekaru. Yaranmu da yawa ba su kai nauyin da littafi ya ba shekarunsu ba, ɗan shekara 3 da aka ɗauka kilo 14 ne yana iya zama kilo 10, a ba shi abin da ya wuce ƙarfinsa. Ga jaririn da bai kai wata 6 ba, hantarsa ba ta gama ƙwari ba, gara a tsaya kan miligiram 2 kan kilo, a ƙara salin a cike yawan ruwan. Gaba ɗaya ba a cika wuce 20 ml ba, shi ya sa idan yaro ya haura kilo 20 zuwa 25 ake komawa wata hanya.

Ki kuma lura da kwalba. Akwai bufibaken mai nauyi, ɗan ƙaramin da ke da sukari a ciki, na allurar laka ne. Ba na kodal ba ne. Sau da yawa a tire ɗaya ake ajiye su, a raba musu wuri.

Abubuwa biyu ne masu tsanani, kuma duk biyun a ɗakin tiyata suke bayyana, cikin mintuna. Na farko magani ya shiga jini, ko ta jijiya ko ta ɓargon ƙashi, domin ƙashin jariri yana da laushi, allura tana nutsewa cikinsa a ɗauka wurin ne. Babba zai ce bakinsa ya yi nauyi ko kunnensa na ƙara, amma yaron da ke barci ba zai faɗa ba. Abin da za a gani shi ne bugun zuciya ya rikice ko ya ragu, ko jijjiga, ko zuciya ta tsaya. A daina turawa, a ba da iskar oksijin zalla, a kama numfashi, a tsayar da jijjiga, a ba da ruwan kitse na Intralipid 20%, 1.5 ml kan kilo ta jijiya, wato 18 ml ga yaron can mai kilo 12, a ci gaba da 0.25 ml kan kilo a minti. Idan an kai ga danna ƙirji, ba a saurin gajiya, domin bufibaken yana daɗewa manne da zuciya. Na biyu magani ya shiga jakar ruwan laka: numfashi zai ɗauke, ƙwayar ido ta buɗe. Abin tsoro ne, amma yana wucewa idan an riƙe wa yaro numfashi da jakar hura iska ko bututu har maganin ya saki. Ra'ayina a nan ba shi da sassauci. Inda babu oksijin da kayan riƙe numfashi daidai girman yaro da wanda ya iya amfani da su, kada a yi allurar nan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai yaran da tun farko ba a yi musu. Mai maruru ko ƙurajen famfas da suka yi ruwa a wurin, mai zazzaɓi mai zafi ko alamar cuta a jini, mai matsalar daskarewar jini, wanda aka taɓa yi wa kaciya ko cire beli jini ya ƙi tsayawa, mai ruwa a kai. Ki duba gindin bayan kowane yaro tun a ɗakin kwanciya: rami mai zurfi, tsiron gashi, ko kumburi a tsakiyar wurin na iya nuna ƙashin baya bai haɗe daidai ba, ki sanar kafin a shiga da shi. Sikila ba ta hana kodal. Hasali ma kashe zafi da kyau yana taimakon mai sikila, muddin an kula da ɗumin jikinsa da ruwa da iska. Uba ko uwa suka ce ba su yarda ba bayan an yi musu bayani, an bar ta ke nan.

Kuma barinta ba ya nufin a bar yaro da zafi. Akwai jijiyoyi biyu da ke bi tsakanin tsokar ciki kusa da tsinin ƙashin ƙugu na gaba, su ke ba fatar mara da matsematsi ji. Ana iya kashe su a can. Da na'urar sikanin, 0.1 zuwa 0.2 ml kan kilo ya isa, tunda ana ganin inda maganin ke sauka. Da lalube kuwa ana bukatar fiye da haka, kuma tana yawan kuskurewa: maganin ya gangara ya kama jijiyar cinya, yaro ya tashi ƙafa ɗaya ba ƙarfi na wasu sa'o'i, ko allura ta zarce ta taɓa hanji. Inda babu sikanin, abin da ya fi hankali shi ne likitan tiyata ya zuba maganin da kansa kusa da jijiyar yana ganinta, ya kuma bi gefen yankan kafin ya ɗinke, kamar 0.5 ml kan kilo na 0.25%. Mai sauƙi ce, mai arha, kuma tana aiki. Rauninta shi ne ba ta rufe zafin jan jakar gwaiwa da igiyar maraina lokacin aiki. Idan gwaiwar gefe biyu ce, kodal ta fi, allura ɗaya ta rufe duka. Abin da ba a yi shi ne a ba da cikakkiyar kodal sannan likita ya ƙara nasa a yanka. Iyakar miligiram 2.5 kan kilo ta yaron ce gaba ɗaya, ba ta kowane likita ba.

Kan abin da ake haɗawa don allurar ta daɗe, kilonidin maikirogiram 1 kan kilo yana ƙara sa'o'i, amma yana sa barci, kuma ba a ba ƙananan jarirai. Mofin a kodal ba na yaron da zai koma gida a ranar ba ne, yana iya rage numfashi bayan sa'o'i da yawa. Ketamin, maganin barcin tiyata da ke cikin kwalbarmu ta yau da kullum, yana da sinadarin hana lalacewa, ba a kai shi kusa da jijiyoyin laka. Wannan ki riƙe shi da kyau, domin ketamin ne abin da ya fi kusa da hannu a ɗakunan tiyatarmu.

Bakwaini da ƙananan jarirai maganarsu daban ce. Gwaiwa ta fi yawa a cikinsu, ta fi saurin maƙalewa, kuma numfashinsu na iya ɗaukewa bayan maganin barci. Wasu cibiyoyi suna yi musu aikin da allurar laka kaɗai suna farke. Binciken da ake kira GAS, kan jarirai 722 da aka yi wa aikin gwaiwa, ya nuna hakan yana rage ɗaukewar numfashi a mintunan farko bayan aiki, amma da suka kai shekara 5 ba a ga bambancin basira tsakaninsu da waɗanda aka sa barci na ɗan lokaci ba. Bakwainin da bai cika mako 60 ba idan aka haɗa da makonnin da ya yi a ciki, kwana yake yi ana sa ido kan numfashinsa, ko wace hanya aka bi. Irinsa gara a tura shi babban asibiti a Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

To an miƙo miki yaro. Abu na farko ki tambayi ƙarfe nawa aka yi allurar, ki rubuta a saman takarda inda kowa zai gani, domin daga wannan lokacin ake ƙirge, ba daga lokacin da ya iso ɗakinki ba. Ki duba numfashi da bugun zuciya da launin leɓe kowane minti 15 a sa'ar farko. Ki sosa tafin ƙafarsa ki ga ko zai janye. Nauyin ƙafa na sa'a 2 zuwa 4 ba abin damuwa ba ne, amma ya kamata ki ga yana raguwa, ba ƙaruwa ba. Idan an wuce sa'a 8 ƙafa ba ta motsi, ko ta dawo sannan ta sake mutuwa, ki kira likita nan take. Mai tafiya kada a sake shi ya sauka gado shi kaɗai, zai ji kamar zai iya, gwiwa ta lanƙwashe ya faɗi.

Ba kowane kuka ne zafi ba. Yaron da aka hana abinci tun asuba yunwa yake ji. Wani kuma nauyin ƙafar ne ya firgita shi, yana dukan cinyarsa yana kuka. Wani maganin barci ne bai gama sakinsa ba, yana fizge-fizge ido a buɗe amma bai gane uwarsa ba, wannan yakan wuce cikin mintuna. Wani mara ce ta cika. Ki miƙa shi ga uwa, a ba shi nono ko ruwa idan ya farka sosai, ki shafa mararsa ki ji. Idan ya ci gaba da tamke fuska, yana ƙin a taɓa wurin, lallashi bai yi ba, to zafi ne, allurar ba ta kama ba, a ba shi magani, kada a ce ai an riga an yi masa allura.

Maganin baki ana fara shi ne tun yaro yana dariya. Idan ba a ba shi farasitamol a ɗakin tiyata ba, ki ba shi da zarar ya fara sha. Miligiram 15 kan kilo kowace sa'a 6, kada a wuce sau 4 a kwana. Ga mai kilo 12, miligiram 180 ke nan, wato 7.5 ml na ruwan da ke da miligiram 120 a 5 ml. Ibufurofen miligiram 5 zuwa 10 kan kilo kowace sa'a 8, bayan ya ci wani abu, ga wanda ya wuce wata 3, ba ya gudawa ko amai, ƙodarsa lafiya. Ga yaron nan, 6 ml na mai miligiram 100 a 5 ml. A bi agogo kwana 2, ba sai ya yi kuka ba. Kada ki bar uwa da cokali, cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Ki ba ta sirinji marar allura, ki manna filasta a daidai layin da za ta tsaya, ki sa ta zuƙa a gabanki sau ɗaya. Wadda ba ta da agogo ki ɗaura mata da abin da ta sani: asuba, kafin azahar, magariba, da tsakar dare. Ki ce kada a haɗa da maganin mura na kemis, da yawansu akwai farasitamol a ciki. Ba kodin, ba tiramadol, ba asfirin.

Sai abin da allurar ke jawowa a hanya da gida, wanda ba a cika faɗa wa iyaye ba. Ƙafar da ba ta gama dawowa ba, ba ta jin ƙuna. Yaron da aka ɗora kan babur ƙafarsa na lilo tana iya kwanciya kan salansa tun daga bakin asibiti har Jega bai yi ko tari ba. A rungume shi a cinya, a tattare ƙafafun cikin zane. Da hunturu kada a kwantar da shi kusa da kaskon wuta, kada a gasa masa ƙafa don ta farfaɗo, ruwan tsarki kuma uwa ta fara gwada shi a hannunta. Ranar farko ɗauka a hannu ta fi goyo.

Kafin sallama a ga ya sha bai amayar ba, ƙafafu sun dawo, bandeji a bushe. Ki tambayi inda suke zaune. Wanda gidansa ke cikin gari zai iya tafiya ko bai yi fitsari ba tukuna, da sharaɗin ya dawo idan sa'a 8 zuwa 10 ta wuce babu fitsari. Wanda ya fito daga ƙauyen da mota ba ta zuwa bayan magariba, ko hanyar da ba a bin ta da dare, ya kwana. Kuma su san abin da zai dawo da su ba jira: amai da ya ƙi tsayawa ko mai launin kore, ciki ya kumbura, jini ya jiƙa bandeji, maraina su yi kumburi mai tauri da zafi, zazzaɓi, barcin da ba a iya tashinsa, ko wurin allurar ya yi ja yana fitar da ruwa. 'Yar kumburin maraina mai laushi a kwanakin farko kuwa ba komai ba ce, ki faɗa musu tun yanzu don kada su kai shi wurin wanzami.